Gubar da Ba Ta Sauya Launin Ruwa: Daga Ramukan Riruwai Zuwa Ɓuntun Tudun Wada

Sharhin yau a kan ruwan sha yake, da wata irin guba da ke shiga cikinsa, da kuma kayan da ake kama ta da su.

Duk wanda ya zauna a zauren malam ya fara karatun fikihu, babin ruwa na cikin abin da ake fara biya masa. Ana duba ruwa ta fuska uku: launinsa, ɗanɗanonsa da ƙanshinsa. In babu wanda ya jirkita, ruwa ya yi alwala. Wannan ma'auni na tsarki ne, kuma yana nan daram a inda aka ajiye shi. Sai dai ita ma uwar gida da ke ɗebo ruwa a rijiya ta juye a randa, da waɗannan ukun take auna abin da za ta miƙa wa ɗanta a moɗa. To, dalma da kadmiyam da asenik sukan narke a ruwa su bar shi garau, ba wari, ba ɗaci. Tafasawa ba ta yi musu komai, domin ba ƙwayoyin cuta ba ne da wuta za ta kashe. Hasali ma in ruwa ya daɗe a kan murhu, tururi ne ke tashi, gubar ta zauna cikin sauran da ya rage. Haka kulorin da ake ɗigawa a ruwa saboda amai da gudawa: yana da amfaninsa babba, amma ba wannan ne aikinsa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka. A kowace lita ɗaya ta ruwan sha, kada dalma ta wuce maikurogiram 10, asenik shi ma 10, kadmiyam kuwa 3. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya, wadda aka fitar a 2007, a kan waɗannan alƙaluma ta tsaya. Ga yadda lissafin yake a ƙasa: giram ɗaya tak na dalma, in ya narke, ya isa ya kai lita 100,000 bakin iyaka, wato jarka 4,000 irin ta 'yan garuwa mai cin lita 25. Game da jinin yaro kuwa, likitoci sun ce babu wani adadin dalma da za a kira lafiyayye. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage kaifin fahimta, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. Rahoton da UNICEF ta fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya, kusan miliyan 800, na da dalma a jininsa a matakin da ke bukatar a ɗauki mataki.

Me ya kawo wannan magana kudancin Kano? Matafiyin da ya bar titin Zariya a wajajen Kwanar Ɗangora cikin ƙasar Ƙiru, ya kama hanyar Jos, zai ratsa Tudun Wada, ya keta dajin Falgore, ya fara hango duwatsu suna tasowa. Can cikinsu Riruwai take, hedikwatar ƙaramar hukumar Doguwa, a yanki mafi tudu na jihar. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Riruwai sun san narka kuza, suna zuba ta sirara-sirara fatake na kaiwa kasuwanni, kuma irin wannan kuza ce Turawan kamfanin Neja suka bi sawunta har suka gano arzikin da ke kwance daga nan zuwa tsaunukan Jos a farkon ƙarni na 20. A ƙarƙashin duwatsun akwai wata doguwar jijiyar ma'adini mai tsawon kusan kilomita 5, ɗauke da kuza da tutiya da dalma. A ƙarshen shekarun 1970 aka buɗe babban aikin haƙa na ƙarƙashin ƙasa, cikin shekarun 1980 ya tsaya. Kamfani ya tafi, ramuka da tsibin tarkacen dutse suka zauna. Masu haƙa da diga da shebur kuwa ba su daina ba har yau, domin a nan abincinsu yake.

Yadda gubar ke fita daga dutse ba wani sirri ba ne. Tutiya da dalma a cikin irin wannan jijiya a haɗe suke da farar wuta. Muddin suna binne, ba ruwan kowa da su. Da zarar an fasa dutsen, an niƙa, an bar shi a fili, iska da ruwan sama su same shi, sai farar wutar ta juye ta zama asid. Ruwan da ya tsiyaye daga tsibin ya yi tsami, shi kuwa ruwa mai tsami yana narkar da ƙarfe ya tafi da shi, wani ya bi rafi, wani ya nutse ya sadu da idon rijiya. Kadmiyam ba a haƙarsa da kansa. Duk inda ma'adinin tutiya yake, yana liƙe a jikinsa. Malaman kimiyya daga jami'o'in ƙasar nan sun ɗebi ƙasa da ruwa a wuraren haƙar Riruwai sun auna, kuma abin da suka wallafa ya nuna ƙarafan sun haura ƙa'ida a wasu wurare, musamman kusa da ramuka da inda ake wanke ma'adini. Tsohon rami da ya cika da ruwan damina ya kwanta luf, a idon makiyayi mashaya ce, a idon yaro wurin iyo ne.

Akwai wata ƙasa da ta ga ƙarshen wannan hanya. A lardin Toyama na Jafan, kogin Jinzu na gangarowa daga duwatsun da mahaƙar Kamioka take, inda aka riƙa haƙo tutiya da dalma. A ƙasa kuwa gonakin shinkafa ne. Shekara da shekaru manoma na ban-ruwa da kogin, shinkafa na tsotsar kadmiyam, mutane na ci. Matan da suka manyanta, musamman waɗanda suka yi haihuwa da yawa, sai ƙodarsu ta lalace, ƙashinsu ya yi laushi har tari kaɗai ya karya haƙarƙari. Sai a 1968 gwamnatin Jafan ta amince a hukumance cewa mahaƙar ce sanadin cutar da ake kira itai-itai. Aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasar gonakin a maye ta da sabuwa bai kammala ba sai 2012.

Ma'adini a tudu, shinkafa a gangare: duk wanda ya san kudancin Kano zai ɗan yi shiru in ya ji wannan. Ruwan da ke saukowa daga tsaunukan kudu shi ke ciyar da Kogin Kano, ya bi ta Falgore ya taru a madatsar Tiga cikin ƙasar Bebeji, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, mai ɗaukar kusan mita-kubik biliyan 2. Daga Tiga ruwa ke bin magudana zuwa gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure, daga kogin kuma matatar Tamburawa ke ɗiba ta tura wa birni. Kada a ɗauki wannan a matsayin cewa ruwan Tiga guba ne. Yawan ruwa na tsarma abin da ya shigo, kuma mafi yawan ƙarfen na kwantawa cikin laka tun a hanya. Haɗarin ya fi kusa da wanda rijiyarsa ke maƙwabtaka da rami. Amma lakar ƙasan madatsa ma'ajiya ce, kifi kuma a can yake kiwo, don haka auna ta lokaci-lokaci ba ɓata kuɗi ba ne.

Misalin gida kuwa bai yi nisa ba. A farkon 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara na mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare. Dutsen zinaren da ake kawowa gida a daka, a niƙa a injin niƙan hatsi, a wanke a bakin rijiya da kududdufi, cike yake da dalma. Yara fiye da 400 suka rasu. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, garin Bagega ma bai samu wannan aiki ba sai 2013. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka tafi. A Zamfara ƙura ce ta fi yin ɓarna, ba ruwa ba, kuma ya kamata a riƙe wannan. Amma darasin ɗaya ne: ba a gano gubar ba sai da maƙabarta ta fara cika.

Yanzu ga maganar magani. Hanyoyin cire ƙarfe daga ruwa suna da yawa, wasu na bukatar lantarki da injuna masu tsada, irin waɗanda manyan kamfanonin ruwan roba ke amfani da su. Hanyar da ta fi dacewa da ƙauye ita ce ta kamawa. A bi da ruwan ta cikin wani abu mai gari-gari ko tsakuwa-tsakuwa, wanda fatarsa ke jan ƙwayoyin ƙarfen su manne, ruwan ya wuce. Ba girman ƙofa ke tare su ba, domin narkakken ƙarfe ya fi ƙarfin kowane irin ƙyallen tata. Abin ya fi kama da mutumin da ya ratsa gonar da ƙarangiya ta nuna: bai tsinke ta ba, bai ɗauke ta ba, ita ce ta maƙale a wandonsa, kuma gwargwadon yalwar wandon gwargwadon abin da zai kwaso. Ƙwayar dalma ko kadmiyam a cikin ruwa na ɗauke da cajin lantarki, fatar abin kamawar na ɗauke da kishiyarsa, sai su riƙe juna.

Shi ya sa ake neman abu mai yalwar fata. Sarrafaffen gawayi, wanda aka gasa a zafin da ya kai digiri 800 zuwa 900 aka hura masa tururi, ko aka jiƙa shi da asid kafin gashi, cikinsa kan zama ƙofofi ne zalla, ƙanana ƙwarai. In aka baje fatar giram ɗaya, takan kai murabba'in mita 1,000. Giram goma ke nan sun shimfiɗe hekta guda. Gawayin da ake saye a buhu don girki bai kai ko kusa ba, domin yawancin ƙofofinsa a toshe suke da kwalta da toka. Wanda ya jefa gawayin murhu cikin randa zai iya rage wari, amma kada ya kwanta da tunanin ya kori dalma.

Abin da ya sa wannan fanni ya dace da yankin nan shi ne kayan aikinsa a zube suke. A shiga Tudun Wada lokacin kaka, a zaga bayan injinan casar shinkafa. Ga tsibin ɓuntu nan ya fi tsayin mutum, iska na kwasarsa tana watsa wa masu wucewa a ido, gefe guda na cin wuta a hankali yana fitar da hayaƙi fari. Masu gumi na ɗiba su hura wuta, masu kaji na saye su shimfiɗa, sauran ya zama toka. A kowane buhun shanshera, kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa ɓuntu ne. Shi kuwa ɓuntu ya bambanta da sauran ɓawo, domin kusan kashi 20 cikin 100 nasa silika ne, tokarsa kuma silika ce kusan duka. In aka gasa shi a rufe, ba tare da iska ta shiga sosai ba, sai ya zama baƙin gawayi mara nauyi mai haɗe da silika, kuma bincike a ƙasashe da dama ya tabbatar yana kama dalma da kadmiyam da tutiya. Totuwar masarar Doguwa, ɓawon gyaɗa, tukar rake daga wurin masu mazarƙwaila, duk ana yin irin wannan gawayi da su.

Ƙashi ya fi su ƙarfi a kan dalma. Ƙashin saniya da aka gasa a rufe har ya yi toka-toka zuwa baƙi, aka farfasa, sinadarin kalsiyam da fosfet ne. Dalma na ture kalsiyam ta zauna a gurbinsa, ta zama wani irin dutse da ba ya saurin narkewa. Wannan shi ne ainihin dalilin da ya sa take taruwa a ƙashin ɗan Adam ta yi shekaru, sai ga shi an juya halinta ya zama tarkonta. A Nakuru ta ƙasar Kenya an daɗe ana gasa ƙashi ana cika matatai da shi, don cire sinadarin fuloraid da ke ɓata haƙora da ƙasusuwan mutanen yankin, kuma aikin ya tsaya da ƙafarsa. Sharaɗinsa shi ne gashi ya yi daidai. In bai gasu ba ruwa zai yi ƙarni ya sauya launi, babu wanda zai sha. Kuma a ƙasar Musulmi wajibi ne a san ƙashin daga mahauta ya fito, na dabbar da aka yanka, a kuma zauna da malamai tun farko a yi musu bayani, domin su jama'a za su tambaya.

Asenik nasa halin daban. Cajinsa a ruwa ba irin na dalma ba ne, don haka gawayi ba ya riƙe shi da kyau. Abin da yake so tsatsa ce. Jar marmarar da ake haƙa a cike hanya da ita, jan nata tsatsar ƙarfe ce, shi ya sa masu bincike a Afirka ta Yamma da Asiya suka yi ta gwada ta a kan asenik. Kowace guba da abin da ke kama ta, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa matata ba a haɗa ta da ka.

Zogale fa? Garin 'ya'yansa na tattara laka ya kwantar da ita, kamar yadda alif ke yi, kuma matan karkara a Sudan sun daɗe suna tsarkake ruwan Nilu da shi. Ƙarfen da ke liƙe da laka yakan bi ta ya kwanta. Mataki ne na farko mai kyau, amma ba ya kwashe narkakken ƙarfe gaba ɗaya, kuma ruwan da aka sa masa zogale ba a barinsa ya kwana biyu.

Ƙasar da ta fi kowa nuna cewa wannan ilmi na iya fita daga ɗakin gwaji ita ce Bangaladesh. A shekarun 1970 da 1980 an haƙa miliyoyin famfunan tuƙa-tuƙa don a raba mutane da ruwan kududdufi mai kashe yara da gudawa. Niyya ta alheri ce, ta kuma yi amfani. Sai a shekarun 1990 aka gano ƙasar da ruwan ke fitowa na ɗauke da asenik, kuma mutane miliyoyi da dama sun yi shekaru suna sha. Wani malamin kimiyyar sinadarai ɗan ƙasar, Abul Hussam, wanda ke koyarwa a Jami'ar George Mason ta Amurka, ya haɗa kai da ɗan'uwansa likita a garinsu Kushtia suka ƙera matatar da suka kira Sono. Bokiti biyu ne, ɗaya a kan ɗaya. Na sama yashin kogi ne da garin ƙarfe da aka sarrafa, na ƙasa yashi da gawayi da fasassun jan bulo. Ba lantarki, ba sinadarin da za a riƙa saye. A 2007 Cibiyar Injiniyoyi ta Amurka ta ba shi kyautar dala miliyan 1, ya kuma mayar da mafi yawan kuɗin ga raba matatar ga talakawa. A Nepal ma an yi makamanciyarta da ƙusoshin ƙarfe masu tsatsa a saman yashi.

A jami'o'in Arewa, daga Bayero a Kano zuwa Ahmadu Bello a Zariya da ta Wudil, ɗalibai sun yi wannan gwaji ba adadi. Ɗalibi ya wanke ɓuntu, ya shanya, ya gasa, ya daka, ya tankaɗe. Ya auna giram guda ya zuba a kwalbar gwaji mai ɗauke da ruwan da shi da kansa ya narka wa dalma, ya ɗora a injin girgiza na awa ɗaya ko biyu, ya tace, ya kai wa na'urar da ke fesa ruwan cikin harshen wuta tana karanta yawan ƙarfen da ya saura. Sau da yawa sakamako kan fito da kyau, an cire kashi 90 ko fiye. A yi wa kundin bango, a ba shi digiri, a jera a kanta. Aikin ba na banza ba ne, da shi aka san abin da ake faɗa a yau. Amma a nan ne tafiyar ke yankewa, kuma abin takaici ne.

Domin ruwan rijiya ba ruwan kwalba ba ne. Yana ɗauke da kalsiyam da maganiziyam da laka da ruɓaɓɓen ganye, duk suna rububin gurbin da ake so dalma ta zauna. Tsamin ruwa ma na juya lissafi: in ya yi yawa, irin na bakin rami, gawayi na sakin abin da ya kama, sai an fara bi da ruwan ta cikin fasasshen dutsen da ake yin siminti da shi ya kashe tsamin. Kuromiyam ɗin da masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa da Bompai ke fama da shi a birni, nau'insa mafi haɗari sai ruwa ya yi tsami sosai ake kama shi, akasin dalma. Sannan girgiza kwalba na awa biyu daban, ruwan da ke bi ta cikin durom dare da rana na wata shida daban.

Babban haɗarin kuwa shi ne cika. Kowane abin kamawa na da iyakar abin da zai ɗauka. Ranar da gurabensa suka ƙare, ruwa zai ci gaba da fita garau kamar jiya, gubar na biye da shi, wani lokaci ma har da wadda aka kama a baya. Matatar da ta cika ta fi rashin matata sharri, domin ta sa uwa ta saki jiki. Injiniyoyi na maganin wannan ta hanyar jera durom biyu, ruwa ya bi na farko ya shiga na biyu, a riƙa auna abin da ke fita a tsakaninsu. Da na farko ya fara zubar da guba sai a cire shi, na biyu ya koma gaba, a kawo sabo a baya. Shi kuma wanda aka cire, guba ce a dunƙule. In aka watsar a bola, kaji su tona, ruwan sama ya wanke, an dawo gidan jiya. In aka zuba a gona a matsayin taki, an kai ta cikin tuwo. Ko dai a cuɗa shi da siminti ya daskare, ko a binne a rami mai daɓen yumɓu nesa da rijiyoyi.

Saboda haka a ra'ayin wannan sharhi, matatar gida-gida ba ita ce ta fi dacewa da ƙauyukan Doguwa a matakin farko ba. Gara a kafa ta a bakin rijiyar burtsatse ko famfon unguwa, inda mutum ɗaya da aka horar zai kula da ita, a san ranar da aka zuba, a san ranar da za a sauya. Matasan Tudun Wada da Ƙiru da ke neman sana'a za su iya koyon gasa ɓuntu da totuwa a durom bisa ƙa'ida, jami'a ta riƙa auna ingancin abin da suka gasa. Kasuwa ce ƙarama, amma ta gaske.

Akwai kuma wani abu da ya kamata a faɗa ko da zai sosa rai. Dutsen dalma mai walƙiya da ke cikin jijiyar Riruwai, irinsa ne ake niƙawa a yi kwalli na gargajiya. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a birnin Boston da aka samu dalma a jininsa, aka bi sawu aka tarar daga kwallin da aka kawo daga Najeriya ne, kuma da aka auna shi fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Jariri na murza ido ya kai hannu baki. Mahaƙin da ya koma gida da kayan aikinsa cike da ƙura ya ɗauki ɗansa, shi ma ya kai masa gubar. Mai fasa tsohon batirin mota a tsakar gida haka. Matata komai kyanta ruwa kaɗai take tsarewa.

Kafin matata, kafin gawayi, akwai aikin da ya fi su sauƙi. Da Bangaladesh ta gano bala'inta, abin da ta fara yi shi ne bin famfuna ɗaya bayan ɗaya ana aunawa. Wanda ya haura ƙa'ida a shafa wa bakinsa jan fenti, mai lafiya a shafa masa kore. Jan a yi wanki da shi, koren a sha. Iyalai masu ɗimbin yawa sun tsira ta hanyar sauya famfo kawai, domin sau da yawa rijiya mai guba da mai lafiya tazararsu ba ta wuce 'yan taku ba. Rijiyoyin Riruwai da Zainabi da ƙauyukan da ke kewaye da ramuka ba su fi ƙarfin ƙirga ba. Hukumar samar da ruwan karkara ta jiha, RUWASA, da ƙaramar hukuma da sashen kimiyyar sinadarai na jami'a guda sun isa su auna su, sau ɗaya da rani lokacin da ruwa ya ja baya, sau ɗaya da damina lokacin da tsibin tarkace ke tsiyaya. Sakamakon kuma kada ya tsaya a ofis. A kai wa dagaci da mai unguwa da liman, a faɗa da Hausa, rijiya kaza a sha, rijiya kaza a bari.

Wa zai biya? Dokar ma'adinai ta Najeriya ta 2007 ta wajabta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen da zai yi aiki a ƙasarsu kafin ya fara, ta kuma ɗora masa alhakin gyara wurin da ya ɓata. Yanzu da hankalin gwamnatoci da 'yan kasuwa ya sake komawa kan ma'adinai, duk kamfanin da ya nufi Riruwai sai ya zauna da masu gari. A irin wannan zama an saba roƙon aji biyu na makaranta, ko gyaran hanya, ko rijiyar burtsatse. Masu garin na da damar su sa a rubuta cewa kamfani zai ɗauki nauyin auna ruwan rijiyoyi sau biyu a shekara a ɗakin gwajin da ba nasa ba, ya kafa matata a duk inda awo ya nuna bukata, ya sauya kayan cikinta a kan lokaci, ya kuma kwashe waɗanda suka cika ya binne su a inda hukumar kare muhalli ta NESREA ta amince.